Mene ne "boondocking"? Kwanan mota mai ɗaki a dajin Amurka, ba wuta ba famfo

Duk wanda ya taɓa sauraron hirar Amurkawa masu yawo a motocin nan da ke da gado da kicin da bayi a ciki, waɗanda suke kira RV, zai ji wata kalma tana ta dawowa a bakinsu: boondocking. Ana furta ta kamar "bundokin". Abin da take nufi shi ne mutum ya yada zango da motarsa a inda babu wutar da zai jona, babu famfon da zai ɗaura wa tiyo, babu ramin da zai juye ƙazanta. Abin da ya ɗauko a cikin motar, shi ke nan abin da yake da shi har ya tashi.

Kalmar ba ta Turanci ba ce tun asali. Daga harshen Tagalog na ƙasar Filifin ta fito, inda "bundok" ke nufin tsauni. Sojojin Amurka da suka yi yaƙi a can tsakanin 1899 da 1902 ne suka koma gida da ita, suka riƙa kiran duk wani lungu mai nisa da gari da wannan suna, kamar yadda Bahaushe zai ce ƙungurmin daji. Daga baya masu motocin yawo suka ɗauke ta suka mai da ita sunan irin kwanan da suke yi.

Ba a gane wannan kalma sosai sai an san kishiyarta. A Amurka akwai filayen zango na kuɗi, irin na kamfanin KOA da ya fara a garin Billings na jihar Montana a 1962. Ka biya, a nuna maka wurinka mai lamba, ka tarar da ɗan turke a gefe: ga soket na wuta mai ƙarfin amfiya 30 ko 50, ga kan famfo, ga bakin bututun da ke tafiya da ruwan datti. Ka jona ukun nan, motarka ta koma gida sosai, ka kunna na'urar sanyaya ɗaki, ka yi wanka yadda ranka ke so. Sai dai ana biyan wannan jin daɗi kullum dare, kuma a wuraren da suka yi suna samun gurbi ma wani aiki ne. Filayen zango na gwamnatin tarayya da dama ana kama su ne ta shafin Recreation.gov, da yawa tun wata shida kafin ranar zuwa. A gandun Yosemite na Kalifoniya ana buɗe rajista ranar 15 ga wata da ƙarfe bakwai na safe, kuma guraben lokacin zafi kan ƙare cikin 'yan mintoci.

Mai bundokin ya bar duk wannan. To ina yake zuwa?

Amsar tana cikin yadda aka raba ƙasar Amurka. Akwai wata hukumar kula da filaye da ake kira BLM, wadda aka kafa a 1946, tana riƙe da kimanin eka miliyan 245, wato fili da ya ɗan ɗara faɗin Najeriya gaba ɗaya. Kusan dukkansa yana yammacin ƙasar ne, a jihohi irin su Nebada, Yuta, Arizona, Wayomin da Alaska. A mafi yawan wannan fili, da kuma a dazuzzukan hukumar gandun daji ta tarayya, an yarda kowa ya shiga ya kwana kyauta. Sharaɗin da aka fi sani shi ne na kwana 14: idan ka cika su cikin kwana 28, sai ka tattara ka matsa, a wurare da yawa aƙalla mil 25, kusan kilomita 40. An sa wannan doka don kada zango ya rikiɗe ya zama mazauni. A gabashin ƙasar kuwa irin wannan fili ya yi ƙaranci, shi ya sa matafiyi a can yakan ƙare a filin ajiye motoci na kantin Walmart. Wannan ma sai ya shiga ya tambayi manajan kantin, domin wasu rassa sun yarda, wasu dokar gari ta hana su.

Waɗanda ke kallon hotunan abin daga nesa suna ganin 'yanci ne tsantsa: mota ita kaɗai a gindin jan dutse, rana na faɗuwa. Ni a ganina bundokin lissafi ne, kuma lissafin ruwa ne kafin komai. Mota mai ɗaki tana ɗauke da tanki uku. Akwai na ruwa mai tsabta, akwai na ruwan wanka da wanke-wanke da suke kira mai ruwan toka, akwai kuma na bayi da suke kira baƙi. Ɗauki tirelar kwana matsakaiciya mai tankin galan 50. Wannan kusan lita 190 ke nan, bai kai jarka takwas ta lita 25 ba. Da shi mata da miji za su sha, su dafa, su wanke kwano, su yi wanka, su kora bayi. Shi ya sa za ka ga mace ta goge faranti da takarda tas kafin ruwa ya taɓa shi, ta tara ruwan ɗauraya a roba don kora bayi da shi. Wanka kuwa, a jiƙa jiki a kashe famfo, a sa sabulu, a sake kunnawa a ɗauraye cikin hanzari. Wanda ya tashi yana wanka da bokiti ɗaya ba zai sha wahalar koyon wannan ba.

Kuma sau da yawa ba ƙarewar ruwan sha ke tayar da mutum ba, cikar tankin datti ce. Da zarar ya cika, dole a nemi wurin juyewa, wanda ake samu a wasu gidajen mai na manyan motoci da filayen zango, wani kyauta wani da 'yan daloli. Wuta ta fi sauƙi yanzu, tunda faifan sola a kan rufi da batir mai kyau suna riƙe fitilu da fanka da cajin waya, iskar gas kuma ta riƙe murhu. Na'urar sanyaya ɗaki ce dai batir ba ya jure mata na dogon lokaci. Saboda haka mai bundokin yana bin yanayi: lokacin zafi ya hau tsaunuka, hunturu ya gangara hamada.

Babu inda ake ganin wannan kamar Quartzsite, wani ɗan gari a hamadar Arizona da mazaunansa na dindindin ba su kai 3,000 ba. Da bazara zafinsa na haura digiri 40, sai ka ga fili fetal. Amma daga Nuwamba zuwa Fabrairu dubun dubatar motoci ke sauka a kewayensa, yawanci na tsofaffi masu gudun sanyin arewacin Amurka da Kanada. A kudancin garin akwai filin La Posa, inda hukumar BLM ta sassauta dokar kwana 14, ta ba da izinin zama daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu. Shekaru da yawa kuɗin wannan izini dala 180 ne na wata bakwai, da famfo da wurin juye datti da kwandon shara a ciki. Ba duk wanda ke can ne ya zo shaƙatawa ba. Akwai waɗanda kuɗin haya ya fi ƙarfinsu, motar ita ce gidansu ɗaya tilo, kuma idan ana maganar bundokin aka manta da su an yi rabin magana.

Tsara zango kuwa, gogaggu suna da wata ƙa'ida ta uku-uku-uku: kada tafiyar yini ta wuce mil 300, a isa kafin ƙarfe uku na rana, a yi kwana uku kafin a tashi. Ta tsakiyar ce ta fi muhimmanci ga mai shiga daji. Manhajoji irin su iOverlander za su nuna maka inda wasu suka kwana, da ko waya na kamawa a wurin, amma ba za su gaya maka ruwan saman jiya ya cinye hanya ba. Shi ya sa mai hankali yake tsayawa a bakin kwalta, ya sauka ya taka hanyar da ƙafa. Yana duba yashi mai laushi, yana duba reshen da zai iya kankare rufi, yana kuma neman inda zai juya, domin tirela mai tsawon mita tara ba ta komawa da baya cikin duhu a siririyar hanya. Ba ya kuma sauka a cikin busasshen rafi komai kyan shimfiɗarsa, don ruwan da aka yi a tsauni mai nisa yana iya isowa da dare ba tare da ɗigo ɗaya ya sauka a inda yake ba. Girman mota ma yana yanke hanya: a gandun Glacier na Montana, motar da ta haura ƙafa 21 ba a barinta ta bi sashen tsakiya na titin Going-to-the-Sun. Fataken da suka riƙa safarar goro daga Gwanja da sun gane wannan tunani nan take, tunda su ma madugu ba ya ɗaga ayari sai ya san zangon gaba da ruwansa.

Abin da ke damuna shi ne yadda wasu ke lalata wannan dama. Tun daga 2020, da annobar korona ta tura jama'a da yawa cikin daji, ma'aikatan gandun daji suka riƙa tarar da tulin shara, da toka mai sauran wuta, da ƙazantar tankin bayi da aka buɗe a kan ƙasa. Hukuma kuwa idan ta gaji, taƙaitawa take yi. A 2022 an hana sauka barkatai a dajin da ke yammacin garin Sedona na jihar Arizona, aka keɓe 'yan wurare ƙididdigaggu, wanda bai samu gurbi ba ya ƙara gaba. Dokokin ba masu wuya ba ne: ka sauka inda aka riga aka taɓa sauka, kada ka buɗe sabuwar hanya da tayarka, ka fita da duk abin da ka shigo da shi. A Arizona akwai ƙarin wata doka da ke burge ni, wadda ta hana yada zango cikin rubu'in mil, kusan mita 400, daga mashayar da namun daji ko dabbobin kiwo suka dogara da ita, domin barewa ba za ta matso ta sha ba muddin tana jin motsin mutum a bakin ruwan.