Takardar Sirri Ta Shafukan Intanet: Me Doka Ta Ce, Wa Ke Karantawa?

Can ƙasan kusan kowane shafin saye da sayarwa akwai ɗan rubutu da ƙananan haruffa mai kai mutum ga "manufar sirri". Doka ce ta tilasta a sa shi. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta wajabta wa shafukan kasuwanci wallafa irin wannan takarda tun a dokar 2003. Amma wadda ta fi girgiza kamfanoni ita ce dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, da ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018.

Sashe na 13 na dokar ya ce duk wanda zai karɓi bayananka, kamar suna, adireshi ko lambar waya, dole ya gaya maka ko shi wane ne, me zai yi da su, bisa wace hujja, wa zai miƙa wa, kuma har yaushe zai ajiye su. Dole ya sanar da kai cewa kana da ikon ganinsu, gyara su, neman a goge su, ko kai kuka ga hukuma. Sashe na 12 kuwa ya ce a faɗi duk wannan a taƙaice, da harshe mai sauƙi, a inda mutum zai gani ba tare da ya sha wahala ba. Tarar karya waɗannan sassa tana iya kaiwa Yuro miliyan 20, ko kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani a duniya cikin shekara, duk wanda ya fi yawa.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, wannan takarda bayani ce kawai. Tana iya cewa ƙarara za a ba 'yan talla bayananka, kuma ta ci sunanta. Joseph Turow na Jami'ar Pennsylvania ya sha tambayar Amurkawa kan haka, ya riƙa samun cewa galibinsu sun ɗauka da zarar shafi yana da manufar sirri, to ba zai ba kowa bayanansu ba. Ke nan sunan takardar kaɗai yana sayo wa kamfani amana, ko da abin da ke ciki bai cancanci amanar ba.

Ba kuma lalaci ne zalla ke hana karatun ba. A 2008 Aleecia McDonald da Lorrie Cranor na Jami'ar Carnegie Mellon sun lissafa cewa idan Ba'amurke zai karanta takardar kowane shafi da yake shiga, zai ɓata sama da awa 200 a shekara. Wa ke da wannan lokacin? Wasu masu bincike ma sun ƙirƙiri shafin sada zumunta na ƙarya mai suna NameDrop, suka cusa a cikin sharuɗɗansa cewa mai rajista ya yarda ya ba kamfanin ɗansa na fari. Kusan duk ɗaliban da aka gwada sun latsa "na amince" suka wuce abinsu.

Daga nan wasu ke cewa ai mutane ba su damu da sirrinsu ba, baki ne kawai. Ni ban yarda ba, saboda wani gwaji da aka wallafa a 2011, shi ma daga Carnegie Mellon. An ba mutane kuɗi su yi sayayya ta gaske a intanet. Wasu an nuna musu jerin shaguna da farashi kawai. Wasu kuma, kusa da kowane shago, an sa musu 'yar alama mai nuna yadda yake kula da sirrin masu saye. Waɗanda suka ga alamar sun karkata ga shagunan da suka fi kula, har sun yarda sun biya ɗan ƙari. Bayanin yana nan a takardun shagunan tun asali. Abin da ya canja shi ne an gajarta shi, an ajiye shi a gaban ido daidai lokacin da hannu zai shiga aljihu.

Irin haka ta faru a 2021 da Apple ya sa kowace manhaja ta tambayi mai waya, cikin jimla guda, ko ya yarda a bi sawunsa a wasu manhajoji. Masu cewa a'a sun yi yawan da Meta, mai Facebook, ta ce canjin zai rage mata kusan dala biliyan 10 a 2022.

Shi ya sa hukumomi a Turai ba sa tsayawa kan ko an faɗa. Suna duba yadda aka faɗa. A Janairun 2019 hukumar kare bayanai ta Faransa, CNIL, ta ci Google tarar Yuro miliyan 50, ɗaya daga dalilanta shi ne an warwatsa muhimman bayanai, sai mutum ya latsa sau biyar ko shida kafin ya kai gare su. A shekarar kuma kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa akwatin da aka riga aka yi wa alamar yarda ba amincewa ba ce. A farkon 2022 CNIL ta sake sanar da tara, Yuro miliyan 150 ga Google da miliyan 60 ga Facebook, kan kukis, ƙananan fayilolin nan da shafi ke ajiyewa a na'urarka don ya gane ka. Laifinsu: amincewa latsi ɗaya ce, ƙin amincewa kuwa sai an yi ta zagaye.

Wanda ya riga ya latsa "na amince" bai makara ba. Dokar GDPR ta ce janye amincewa dole ya yi sauƙi kamar bayar da ita, kuma idan ka nemi kamfani ya nuna maka abin da ya tara a kanka, wata ɗaya gare shi ya amsa, sai dai idan buƙatar mai sarƙaƙiya ce ya ƙara wata biyu. Wannan ya hau kan kamfanin da ke wajen Turai ma, muddin yana sayar wa mutanen da ke cikinta kaya.