Gidan Aguinaldo na Kawit

Gidan Aguinaldo tsohon gidan gado ne a garin Kawit da ke lardin Cavite, kudu da Manila, babban birnin Filifin. A nan aka shelanta 'yancin kan ƙasar daga mulkin Sifaniya ranar 12 ga Yuni, 1898.

Asali

Galibin majiyoyi sun ce an fara gina shi da katako da jinka wajen 1845, aka sake gini bayan shekaru kaɗan. Maigidan, Carlos Aguinaldo, ya taɓa riƙe shugabancin garin a zamanin Sifaniyawa. An haifi ɗansa Emilio a watan Maris na 1869, kuma shi ma ya hau wannan kujera kafin ya juya wa Turawan mulki baya.

Ranar shela

Tawayen Katipunan, ƙungiyar asiri ta masu neman 'yanci, ya ɓarke a 1896, kuma Cavite ce ta fi ba sojojin Sifaniya wahala. Bayan yarjejeniyar tsagaita wuta ta Biak-na-Bato da aka ƙulla da Sifaniya a ƙarshen 1897, Emilio Aguinaldo, jagoran 'yan tawayen, ya yi zaman gudun hijira a Hong Kong, sannan ya dawo a Mayun 1898 cikin jirgin ruwan Amurka.

Da yammacin 12 ga Yuni jama'a suka yi dafifi a ƙofar gidan. Ambrosio Rianzares Bautista ya karanta takardar 'yancin da shi ya rubuta da Sifaniyanci, aka ɗaga tutar da Marcela Agoncillo ta ɗinka a Hong Kong tare da 'yarta Lorenza da Delfina Herbosa de Natividad. Makaɗan garin San Francisco de Malabon suka busa taken ƙasa da Julian Felipe ya tsara, wanda a lokacin ba shi da baituka. Daga taga aka yi shelar. Barandar da baƙi ke ɗaukar hoto a yau an ƙara ta ne wajen 1919 zuwa 1921, lokacin da Aguinaldo ya faɗaɗa gidan ya sa masa hasumiya. Masana sun saɓa kan wanda ya kaɗa tutar da hannunsa.

Abin takaici, murnar ba ta daɗe ba. A Disambar 1898 Sifaniya ta miƙa wa Amurka tsibiran kan dala miliyan 20, yaƙi da Amurka ya biyo baya, aka kama Aguinaldo a 1901. Har yau ana muhawara kan hannunsa a kisan Andres Bonifacio, jagoran Katipunan, a 1897.

Gidan tarihi

Aguinaldo ya ba gwamnati gidan kyauta a 1963, ya rasu ranar 6 ga Fabrairu, 1964, aka binne shi a lambun baya. Hukumar Tarihi ta Ƙasa ke kula da wurin. Akwai ɓoyayyun hanyoyi da maɓuyar takardu a ciki, kuma kowace 12 ga Yuni ana ɗaga tuta a harabar.