Waiwaye: Yadda Tsaro da Tsaftar Unguwa Suka Dawo Wuyan Mazauna a Kano

A unguwanni da yawa na Kano, da zarar dare ya raba za ka fara jin usur daga wannan lungu, wani ya amsa daga wancan. A bakin layi akwai ƙofar ƙarfe da aka ja aka kulle, a gefenta benci, da mutum biyu ko uku riƙe da gora da tocila. Ba hukuma ce ta sa ƙofar ba, ba ita ke biyan mutanen ba. Magidanta ne suka haɗa kuɗi, kamar yadda suke haɗawa idan kwata ta toshe ko taransifoma ta ƙone. Abin da aka saba faɗa shi ne ƙaramar hukuma ta gaza. Gaskiya ne, amma wannan bai bayyana yadda aka zo nan ba. Akwai wata igiya da ta taɓa haɗa ƙofar gida da hukuma, kuma an tsinka ta ne a wurare uku, cikin shekaru kusan goma.

A zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarki, igiyar ɗaya ce: sarki, hakimi, dagaci, mai unguwa. A cikin birni akwai wakilai huɗu, na Gabas da Yamma da Kudu da Arewa, masu unguwanni suna ƙarƙashinsu. Mai unguwa ya san kowane gida, ba don ƙwazonsa kaɗai ba, sai don aikinsa ya tilasta masa: shi ke bi gida-gida wajen ƙidayar masu biyan haraji, shi ke karɓa. Baƙo ba ya kwana bai sani ba. En'e kuwa tana da 'yan dokanta, da kotunan alƙalai, da gidan yari, da baitulmali, ga kuma duba-gari da ke shiga gida ya leƙa randa da masai da kwata. Marigayi Ado Bayero ma Wakilin Doka ne daga 1957 zuwa 1962 kafin ya hau sarauta a 1963. Wato ƙorafin da aka kai wa mai unguwa da safe yana iya isa hannun mai ikon zartarwa kafin azahar.

Kada a ɗauka zamani ne mara aibu. An yi amfani da 'yan doka da kotuna wajen gallaza wa 'yan adawa, musamman magoya bayan jam'iyyar NEPU, kuma haraji ya sa talakawa da dama barin garuruwansu. Wannan zalunci na cikin dalilan da suka sa gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka ta narkar da su cikin rundunar 'yan sandan Najeriya a ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1970. Tsinkewa ta farko ke nan: ɗan sandan da ke aiki a unguwa ya koma karɓar umarni daga Legas, daga baya Abuja, kuma ana iya yi masa canjin wurin aiki kafin ya san lungu uku.

Ta biyu ta zo a 1976, lokacin da aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul aka kafa guda 301 a faɗin ƙasa, sarakuna suka koma masu ba da shawara. Ta uku a 1979, da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali. Talaka ya sami sauƙi ƙwarai, ba mai musu. Sai dai ba a ƙirƙiro wani abu da zai maye gurbin ƙidayar gidaje da harajin ke tilastawa ba. Mai unguwa ya rage da mutunci da sa hannu a takardar filaye da sulhunta rigima, amma ba shi da littafin mutanensa, ba shi da ɗan doka, ba shi da asusu. Birnin kuma ya yi ta faɗaɗa, unguwannin awon igiya suka bazu ba tare da an bar hanyar ruwa ko wurin zuba shara ba.

A takarda aikin ƙaramar hukuma a fili yake. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora mata kwashe shara, da magudanan ruwa, da fitilun titi, da kasuwanni da tashoshin mota, da maƙabartu, da sa wa tituna suna da gidaje lamba. Tsaro kuwa babu shi a jerin, domin sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasar. Kuɗin ma ba kai tsaye yake zuwa ba, sashe na 162 ya bi da shi ta asusun haɗaka na jiha da ƙananan hukumomi. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, amma aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa. A ƙwaryar birni, inda ƙananan hukumomi 8 cikin 44 na jihar suke, wato Birni da Dala da Gwale da Fagge da Nassarawa da Tarauni da Kumbotso da Ungogo, hukumomin jiha sun ɗauke yawancin aikin: REMASAB ga shara, KAROTA ga zirga-zirgar ababen hawa. Wannan ya sa kwamitin unguwa kan kai takarda ofishin ciyaman a ce masa aikin na jiha ne, ya je jiha a ce ya koma ƙaramar hukumarsa.

Mutanen gari ba su zauna jiran tsammani ba. Aikin gayya da aka gada ya rikiɗe ya zama ƙungiyoyin taimakon kai da kai, masu fita da shebur da baro ranar Lahadi, sannan 'yan sintiri suka yawaita yayin da sata da daba, daga baya ƙwacen waya, suka addabi unguwanni. Gwamnati ma ta sha ƙoƙarin ɗaure igiyar. A tsakiyar shekarun 1980 aka fara tsaftar muhalli ta ƙarshen wata, wadda har yau ake yi ranar Asabar, a 1984 kuma 'yan sanda suka kafa kwamitin hulɗa da jama'a, PCRC. Hisba ta faro ne da 'yan sa kai a 2000, ta zama hukuma a 2003. Shirin A Daidaita Sahu na 2004 ya kawo Zauren Sulhu. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin tsaron al'umma har matakin ofishin yanki. Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaronta ta al'umma a 2023, Zamfara ta kafa Askarawa a 2024, Kano ma ta yi dokar rundunar tsaron unguwanni a 2025. Abin lura shi ne kusan duk waɗannan daga sama suke saukowa, kuma kowace sabuwar gwamnati kan zo da nata ta bar na baya ya bushe. Wanda ya fi daɗewa a raye shi ne kwamitin da mazauna suka kafa da kansu, don haka ya cancanci a dube shi da kyau.

Kwamitin da ke ɗorewa yakan fara da ƙidaya, wato aikin da mai unguwa ya rasa tun 1979. Ana rubuta gida nawa ne a kowane layi, wanne mai shi ke ciki, wanne na haya, wanne kango, shago nawa. Sai a zauna da mai unguwa da liman da wakilan matasa, a kuma nemo hanyar jin ta bakin mata, domin su ne ke gida da rana, su suka san lokacin da ake haura katanga. Daga nan a rubuta sunayen masu sintiri, kowanne da hotonsa da wanda ya tsaya masa, mai unguwa ya sa hannu, a kai kwafi ɗaya ga DPO, ɗaya ga ƙaramar hukuma. Wannan takardar ita ce ke raba ɗan sintiri da ɗan daba a idon doka ranar da abu ya faru.

Kuɗi ne ke kashe yawancin kwamitoci, kuma lissafin ba wuya. A ce unguwa mai gida 200, an yanka wa kowane gida naira 1,000 a wata. Watan farko kowa ya biya, domin ba a daɗe da yin sata ba. Da abin ya lafa sai masu biya su ragu, a ce zuwa 120. Naira 120,000 ke nan. A raba wa mutum takwas, kowa ya tashi da 15,000, ba a cire kuɗin batir da usur da rigar ruwa ba, alhali mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024 naira 70,000 ne. Wanda ya kwana a tsaye wata guda a kan wannan kuɗi, ko ya bari, ko ya riƙa barci, ko ya fara karɓar na goro a hannun waɗanda aka sa shi ya tare. Maganin da aka gani yana aiki shi ne rasit ga kowane mai biya, da asusun banki mai sa hannun mutum uku, da manna lissafin wata a ƙofar masallaci, a kuma yanka wa shaguna da makarantu masu zaman kansu nasu kaso daban. Kyautar ɗan siyasa a karɓa idan kaya ce, kamar tocila ko fitilar sola, amma ranar da albashin 'yan sintiri ya koma hannunsa sun zama yaransa, kuma lokacin zaɓe za a gani.

Sai duka. Doka ta yarda mutumin gari ya kama wanda ya gani yana aikata laifi, da sharaɗin ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. Ba ta yarda da ɗaure mutum a ofishin sintiri har gari ya waye ana tuhumarsa ba, ba ta yarda a kama ƙane a madadin wa ba, kuma dokar hana azabtarwa ta 2017 ta mai da dukan neman iƙirari laifi. Dukan ma yana ɓata shari'a: wanda aka kai caji ofis jina-jina, maganar takan juya ta koma kan waɗanda suka kawo shi. Mun ga fuskokin abin biyu a ƙasar nan. 'Yan kato da gora sun taimaka wajen fatattakar Boko Haram daga cikin Maiduguri a 2013 saboda sun san 'yan unguwarsu ɗaya bayan ɗaya. A Zamfara kuwa kisan da 'yan sa kai suka riƙa yi ba shari'a ya ƙara rura wutar da suka fito kashewa, kuma a Maris 2025 mafarauta 16 da ke hanyar komawa Kano sun rasa rayukansu a Uromi ta jihar Edo bayan 'yan sintirin garin sun tare motarsu. Shi ya sa littafin da ake rubuta wanda aka kama, da lokacin, da shaidu, da sunan ɗan sandan da ya karɓa, ya fi gora amfani.

Yashe kwata ma yana da nasa ƙa'idar da ake yawan karyawa. Lokacinsa watan Afrilu zuwa Mayu ne, kafin ruwa ya sauka. Ana farawa daga ƙasa, inda kwatar unguwa ke zuba cikin babban magudanin, a yo sama, in ba haka ba ruwan da aka saki zai taru a gidajen da ke gangare. Kwalbati ne ya fi toshewa, da leda da robobin ruwa da yashi, kuma sai an shiga da doguwar sanda da ƙugiya. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a fito da dagwalon a jibge a bakin kwata ba a tanadi motar kwashewa ba. Ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito. Saboda haka takardar neman tifa ta riga shebur fita da aƙalla mako biyu: kwamiti ya rubuta, mai unguwa da kansila su sa hannu, a kai sashen lafiya da muhalli na ƙaramar hukuma, a kai kwafi ga REMASAB, a faɗi sunan layi da ranar aiki da wurin da za a tara. Wanda ya kai takardar kada ya baro ofishin sai an buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafin da zai koma da shi.