Waiwaye: shekara 30 ana gardamar wa ke riƙe da ƙwallo a gem ɗin kwandon jami'o'in Amurka

Duk wanda ya taɓa zama a gidan gem ya san abin da ke fita daga bakin wanda aka ci: "Wallahi na danna, bai ɗauka ba." Wani lokaci fad ɗin, wato abin dannawar da ake riƙewa a hannu, shi ne ya gaji da gaske, wani lokaci kuma borin kunya ne kawai. Amma akwai karo na uku, inda yaron ke da gaskiya. Ya danna, gem ɗin ma ya ji, sai dai ya riga ya yanke abin da ɗan wasan zai yi, ba ya komawa baya. A kan wannan karo na ukun ne masu buga gem ɗin ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka suka yi ta kai ruwa rana da kamfanonin da ke haɗa musu shi, tun daga farkon shekarun 1990 har wasan ya ɓace daga kasuwa bayan 2009. Yanzu da ake maganar dawowarsa, gardamar ta sake tashi daga inda aka bar ta.

Sai an fara sanin bambancin kwandon jami'a da na NBA, gasar ƙwararrun Amurka, kafin a gane abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya. A NBA ƙungiya tana da daƙiƙa 24 ta yi jifa. A jami'a kuwa daƙiƙa 35 ne daga 1993 zuwa 2015, kafin a rage zuwa 30. Ana buga rabi biyu na minti 20, kuma laifi biyar ke fitar da mutum, ba shida ba. Tsaron yanki, wato kowa ya tsare wurinsa maimakon ya bi mutum guda, halas ne a jami'a tun fil azal, alhali NBA ba ta yarda da shi ba sai a 2001. Jami'ar Syracuse a hannun koci Jim Boeheim da shi ta yi suna. Arkansas ta Nolan Richardson, wadda ta ɗauki kofi a 1994, matsi take yi daga wannan kwando zuwa wancan har abokin karawa ya rasa numfashi. Princeton ta Pete Carril kuma haƙuri ne da zagaye, a yi ta miƙa ƙwallo har mai tsaro ya yi sakaci a ɓulle ta bayansa. Wasan koci ne da tsari, ba wasan tauraro ɗaya ba. Saboda haka gem ɗin da ya ba ka iko da mutum guda, ya bar sauran huɗun suna tsaye kamar an dasa su, bai yi kwandon jami'a ba, ko da ya saka musu rigunan Duke da Kentucky.

A nan matsalar ta samo asali. Kusan duk gem ɗin jami'a da aka yi, ƙane ne da ake ba kwancen yayansa, wato gem ɗin NBA. NCAA Basketball da ya fito a Super Nintendo a 1992 ya ɗan bambanta, domin kyamararsa tana bin bayan mai ƙwallo, filin yana juyawa da shi. Wasu sun yi mamaki, wasu sun ce jiri yake sa su, kuma babu 'yan kallo ko ɗaya, shuɗin fili ne kawai a bayan kwandon. Amma daga Coach K College Basketball na kamfanin EA a 1995 aka kafa al'adar da ta zauna: a ɗauko injin NBA Live, a canza riguna da filaye, a fitar. College Slam na 1996 ma NBA Jam ne da hular jami'a. Da EA ta fara jerin March Madness a 1998 da hoton Tim Duncan a bango, sannan Sega ta shigo da nata a 2002, wanda daga baya ya zama College Hoops na kamfanin 2K, kowanne daga gidan yayansa na NBA yake ɗebo kaya. Kamfanin Sony ma ya yi nasa, NCAA Final Four, ya gaji ya bari bayan na 2004.

Abin da ya fi raba kan masu wasa shi ne 'yar sandar dama ta jikin fad, wadda 'yan gem ke kira analog. Kafin 2002 kusan zaman banza take yi a wasannin kwando. EA ce ta ba ta aiki da tsarin da ta kira Freestyle: ka kaɗa ta hagu, ɗan wasa ya sauya hannu, ka juya ta ya yi juyi, ka ja baya ya ja da baya. Mutane sun so shi domin karon farko hannunka ne ke yankan mai tsaro, ba maɓalli ɗaya da ke zaɓar maka yankan da ya ga dama ba. Amma ba a jima ba ƙorafi ya biyo. Idan yanka ya yi sauƙi haka, me zai sa ka miƙa wa wani? Sai wasan jami'a ya koma ɗan wasa ɗaya yana keta mutum biyar yana cusa ƙwallo a kwando, abin da ko a mafarki kocin Princeton ba zai lamunta ba.

2K ta bi wata hanyar. Nata tsarin yankan, IsoMotion, ya fi wuya, kuma kuskure kaɗan sai alƙali ya hura maka laifin banke mutum. A College Hoops 2K6 sai ta mayar da sandar dama wurin jifa: ka ja ta ƙasa, ka saki a daidai lokacin da ɗan wasa ya kai ƙololuwar tsalle, kuma idan kana kusa da kwando, gefen da ka tura ta shi ke nuna hannun da za a ajiye ƙwallon da shi. Tsofaffin hannu da yawa suka ƙi, suka ce maɓalli bai yi musu laifin komai ba. Waɗanda suka jure suka koya kuma ba su sake komawa ba. Ni a ganina wannan ne canji mafi amfani da aka yi a tarihin waɗannan wasanni, don shi ya sa idan ka zubar da jifa ka san kai ka zubar.

EA ta mayar da martani ta ɓangaren tsaro. Bayan ta kawo hanyar kiran tsarin wasa cikin sauri a March Madness 2005, wanda Emeka Okafor na jami'ar Connecticut, ɗan asalin Najeriya, ke bangonsa, sai a na 06 ta fito da Lockdown Stick. Da sandar dama kake manne wa mai ƙwallo, ka tura shi bakin layi, ka kira ɗan'uwanka ku rufe shi. Wannan kam kayan jami'a ne na gaske, ba kwance ba, kuma masu son tsaro sun yaba. Sai dai wanda ya ƙware da shi yakan mayar da wasan fashi da rana tsaka: ƙwace bayan ƙwace, har abokin karawa ya kasa tsallake rabin fili. Aka koma gardamar ko an gyara ne ko an wuce gona da iri.

Ƙarƙashin duk wannan akwai wani ciwo da bai taɓa warkewa ba. Motsin 'yan wasa a gem ɗaukarsa ake yi daga jikin mutane na gaske, a yanka shi gunduwa-gunduwa, injin ya riƙa zaɓar wanda ya dace da abin da ka danna. Idan gunduwar ta yi tsawo, wasan yana kyau a ido, amma daga lokacin da ta fara har ta ƙare kai ɗan kallo ne. Idan ta yi gajarta, ɗan wasan yana jin maganarka nan take, amma sai ka ga yana sulɓi a fili kamar mai tafiya kan santsi. Masu buga na EA sun fi kuka da sulɓin da kuma yadda mai tsaro ke zuƙo ka jikinsa kamar maganaɗisu. Masu buga na 2K kuma kukansu dogon motsi ne da ba ya katsuwa, da ƙaton ɗan wasa da zai tsaya shi kaɗai a gindin kwando ya zubar, da fasin da ka nufi na kusurwa ya tafi hannun wanda mutum biyu suka rufe. Shigowar Xbox 360 da PlayStation 3 ba ta share wa kowa hawaye nan take ba. March Madness 07 da 08 sun yi kyan gani, gumi har sheƙi yake, amma da yawa sun ce nauyi gare su a hannu.

Sai batun 'yan kallo. Gaskiya ne cewa a kwandon jami'a gida gida ne. Wanda ya ga yadda ɗaliban Duke ke tsalle a Cameron Indoor Stadium ya san baƙo ba ya jin daɗi a wurin. Kamfanonin biyu duk sun nemi su sa wannan a gem. March Madness 07 ya zo da ma'aunin zafin ƙungiya da natsuwar ɗan wasa, College Hoops 2K8 kuma ya zo da ma'aunin da ya kira mutum na shida, wanda idan ya cika, masu gida ke ƙara ƙarfi. NCAA Basketball 09 ya ce ka zaɓi saurin wasanka cikin uku, idan ka tsaya a kansa jifanka ya fi shiga. Wasu sun ce ai haka abin yake a fili. Wasu suka ce hannu ne na ɓoye da ke murɗe sakamako, irin zargin da masu buga FIFA ke yi idan aka farke musu ƙwallo biyu a minti na 90. Har yau ba a raba wannan gardama ba, kuma ba na jin za a raba, don wanda ma'aunin ya taimaka ba ya ƙorafi.

Duk da haka, idan ka tambayi masu wannan harka wanne ne gwani, galibinsu College Hoops 2K8 za su ce, wanda ya fito a Nuwamban 2007 da hoton Greg Oden. Ba don ba shi da aibu ba. Dalilin shi ne ya fi kowanne barin ka juya mutum biyar. Ya ba ka zaɓin irin fasin da kake so, na sama ko na dungure ko na gaban mai gudu. Ya ba ka wurin zana tsarin wasanka da kanka. Tsaron yanki yana aiki kamar tsaron yanki, kuma ƙungiya mai haƙuri tana iya kayar da wadda ta fi ta taurari. Ga tsarin da kake fara koci a ƙaramar makaranta, kana neman yara daga sakandare, har ka kai babbar jami'a. A Janairun 2008 2K ta ce ba za ta yi na gaba ba, bayan ciniki ya watse tsakaninta da kamfanin CLC mai riƙe da lasisin jami'o'in. EA ta rage ita kaɗai, ta yi ƙoƙari a NCAA Basketball 10, inda maɓalli ɗaya ke sa sauran 'yan wasanka su fara zagaye irin na Princeton, ga kuma sharhi iri biyu, na tashar talabijin ta CBS da na ESPN. Ya zo a makare. A Fabrairun 2010 ita ma ta rufe shago.

Abin da ya hana dawowa kuwa ba fad ba ne, kotu ce. A lokacin, dokar NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta hana biyan ɗalibai 'yan wasa, don haka gem ɗin ba ya sa sunayensu, sai matsayi da lamba. Amma tsayi da launin fata da hannun jifa duk na mutumin ne, kuma masu wasa kan zauna su rubuta sunayen da kansu su raba wa juna. Ed O'Bannon, wanda ya ɗauki kofi da UCLA a 1995, yana sayar da motoci a Nevada lokacin da ya ga kansa a gem ɗin EA a gidan abokinsa: lamba 31, bahago, kai a aske, ba wanda ya nemi izninsa, ba wanda ya ba shi sisi. Ya shigar da ƙara a 2009. EA da CLC suka yi sulhu a kan dala miliyan 40, NCAA ta biya miliyan 20 a wata ƙarar mai alaƙa, sannan a 2014 mai shari'a Claudia Wilken ta yanke cewa dokar NCAA ta saɓa wa dokar gasa a kasuwa. Sai a Yulin 2021 aka bar ɗalibai su ci kuɗin sunansu da hotonsu.

A tsawon wannan fari, masoya ba su zauna ba. Tsohon faifan 2K8 ya yi tsada a kasuwar gwanjo, ana buga shi a kwamfuta, kuma duk shekara akwai masu sadaukar da lokacinsu su sabunta sunayen 'yan wasa. Akwai kuma masu zaman gyara ma'aunan cikin gem, a rage ƙwace, a ƙara laifi, a rage gudu, har sakamakon ya yi kama da na talabijin. Wannan aikin ya kamata a ce kamfani ne ya yi shi, amma masu saye suka ɗauka kyauta.

Da EA ta dawo da gem ɗin ƙwallon Amurka na jami'o'i a 2024, tana biyan kowane ɗan wasa dala 600 da kwafin gem, kuma ya yi kasuwa sosai, sai ido ya koma kan kwando. A ƙarshen Yunin 2025 ta nuna alamar za ta dawo da shi. A Satumba ta janye, bayan wasu jami'o'i sun karɓi tayin 2K, wadda ta ce nata zai ƙunshi makarantu sama da 100. Rukunin farko na NCAA kuwa makarantu sama da 350 ne, kuma daɗin gasar watan Maris, inda ake fitar da zakaran jami'o'i, shi ne ƙaramar makarantar da ba a san ta ba ta kayar da babba. Masu wasa sun riga sun fara tambayar ko za a ɗinka wa ƙanen nasa kaya ne a wannan karon, ko kuwa injin NBA 2K na yanzu za a ba shi, wanda nasa masu wasan ke faɗa duk shekara a kan ma'aunin jifa da koren haske da ke nuna ka saki a daidai.