Waiwaye: Yadda tafkin tare laka ya shiga dokar haƙar ma'adinai a Amurka

Duk wanda ya taɓa ɗebo ruwan rafi da damina ya zuba a randa ya san cewa idan aka bar shi ya kwana, lakar za ta kwanta a ƙasa. Aikin da tafkin tare laka yake yi a wurin haƙar ma'adinai ke nan: a tsayar da ruwan da ya wanko ƙasar da aka tone, ya natsu, kafin a sake shi cikin kogi. Dabara ce mai sauƙi, amma sai da aka yi asarar gonaki da rayuka kafin a tilasta wa kamfanoni yin ta.

A jihar Kalifoniya rigimar ta fara. Tun daga 1853 masu neman zinari suka koma feshe duwatsu da ruwa mai ƙarfi, tsakuwa da yashi da laka suna gangarawa cikin kogunan Yuba da Feather. Kogi ya cike, gindinsa ya tashi, ambaliya ta riƙa binne gonaki, garin Marysville ma ya sha ruwa a 1875. Wani mai filaye, Edwards Woodruff, ya kai kamfanin North Bloomfield ƙara, kuma a watan Janairun 1884 alƙali Lorenzo Sawyer ya hana zuba tarkacen a kogi. A 1893 dokar Caminetti ta ba da damar ci gaba da haƙar, da sharaɗin a gina madatsar da za ta riƙe tarkacen.

Sai dai madatsar da ba a gina bisa ƙa'ida ba ita ma masifa ce. Ranar 26 ga Fabrairun 1972, bayan kwanaki ana ruwa, wata madatsa a kwarin Buffalo Creek na jihar West Virginia ta ɓalle. Da tarkacen kwal aka tula ta don tare baƙin ruwan wankin kwal. Ta haɗa da wasu biyu da ke ƙasanta, mutum 125 suka mutu, kimanin 4,000 suka rasa muhalli. Kamfanin Pittston, mai madatsar, ya ce ikon Allah ne, maganar da ta ƙara fusata mutanen kwarin, tunda ba Allah ya ce a yi gini da shara ba.

Wannan na cikin abubuwan da suka kai ga dokar haƙar kwal ta 1977, wadda Shugaba Jimmy Carter ya sa wa hannu. Ƙa'idojin da suka biyo bayanta sun ce tafki ya iya ɗaukar ruwan saman awa 24 mai yawan da akan samu kusan sau ɗaya a shekara 10, kuma a yi masa mafitar gaggawa don kada ruwa ya haura kan madatsa ya cinye ta.

Lissafin da ake tsara tafkin da shi ya girmi dokar. Tun 1851 masanin kimiyya George Stokes ya nuna cewa idan kaurin ƙwayar ƙasa ya ragu da rabi, lokacin nutsewarta yakan ninka sau huɗu. A 1904 injiniya Allen Hazen ya ƙara da cewa faɗin saman tafki ya fi zurfinsa tasiri. Shi ya sa ake yin tafkin da tsawo, a nesanta mashiga da mafita, kada ruwa ya yi yanke ya fice da lakarsa. Yashi kan zauna nan take, amma yumɓu mai laushi sai ya yi kwanaki yana yawo, dole a zuba masa sinadarin da ke dunƙule shi, kamar yadda mata ke jefa alif a randa.

Abin da injiniya ba zai iya zanawa a takarda ba shi ne yasa. Tafki yana cikewa da lakar da ya tare, kuma idan ba a kawo mota ta kwashe ba, ruwan sama na gaba zai tayar da tsohuwar lakar ya wuce da ita kogi.