Raunin garkuwar jiki na gado

Raunin garkuwar jiki na gado rukuni ne na cututtuka da ake haihuwar mutum da su, inda wani sashe na rundunar da ke kare jiki daga ƙwayoyin cuta ya zo a gurgunce ko babu shi gaba ɗaya. Ya bambanta da raunin da ke zuwa daga baya sakamakon tamowa, ƙyanda ko ƙanjamau. Jerin da ƙungiyar masana garkuwar jiki ta duniya ta fitar a 2022 ya ƙunshi nau'i 485, kuma ana ci gaba da gano sababbi.

Tarihi

A shekarar 1952 wani likitan sojan Amurka, Ogden Bruton, ya bayyana labarin wani yaro ɗan shekara takwas da cututtuka masu tsanani suka yi ta kwantar da shi. Da aka auna jininsa sai aka tarar babu sinadaran kariya da ake kira antibodi. Bruton ya riƙa yi masa allurar waɗannan sinadarai, yaron ya samu sauƙi. Daga nan akan fara lissafin tarihin fannin, ko da yake tun a 1937 Alfred Wiskott ya ba da labarin wasu 'yan'uwa maza a Jamus masu ƙuraje da zubar jini da ciwon kunne, kuma a wajajen 1950 likitoci a Suwizalan sun bayyana nau'in da ya fi kowanne muni, wanda a yau ake kira SCID.

A 1968 aka yi nasarar dashen ɓargo ga wani jariri mai SCID a Minesota, ƙarƙashin jagorancin Robert Good. Mai SCID ɗin da duniya ta fi sani kuwa shi ne David Vetter, da aka haifa a 1971 a Teksas. Ya yi kusan dukan rayuwarsa a cikin wani tanti na roba da ke tace iska, mahaifiyarsa ba ta iya taɓa shi sai ta cikin safar hannu da ke manne da tantin. Ya rasu a 1984 yana da shekara 12.

Zariya ma tana da gurbi a tarihin ilimin garkuwar jiki. A shekarun 1970 Brian Greenwood da Hilton Whittle sun yi bincike a Jami'ar Ahmadu Bello kan sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro da yadda ƙyanda ke karya garkuwar yara. Aikin nasu ya fi karkata ga raunin da ake samu bayan haihuwa.

Yawan aukuwa

Yawancin alƙaluman daga Turai da Amurka aka tattara su. Nau'in da ya fi yawa shi ne ƙarancin wani irin antibodi da ake kira IgA, kimanin mutum 1 cikin 600 a tsakanin Turawa, kuma da yawa daga cikinsu ba sa ma sanin suna da shi. Nau'in CVID, wanda shi ma ƙarancin antibodi ne, yakan kama 1 cikin 25,000 zuwa 50,000. SCID kuwa, gwajin jarirai a Amurka ya nuna kusan 1 cikin 58,000.

Inda auren zumunci ya yawaita, kamar Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, wasu nau'o'in sun fi haka yawa, domin yaro yakan gaji lalatacciyar ƙwayar gado iri ɗaya daga uwa da uba. Wannan batu ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. A 2008 aka kafa ƙungiyar Afirka mai kula da waɗannan cututtuka a Kasabalanka ta Maroko.

Alamomi

Matsalar ita ce cutar ba ta zuwa da fuskarta. Abin da uwa ke gani gudawa ne da tari da zazzaɓi, irin na kowane yaro. Abin da ya kamata ya tsayar da hankali shi ne maimaituwa da tsanani: ciwon huhu sau biyu a shekara, kunne yana zubar da mugunya sau huɗu ko fiye, maruru masu zurfi da ke dawowa, farin kumfa a harshe da ya ƙi gushewa, shan magani wata biyu babu sauƙi, da jaririn da ya ƙi yin ƙiba alhali nono na isarsa.

Lokacin farawa ma yana nuni. Jariri mai SCID yakan fara jinya tun watannin farko, kuma allurar tarin fuka ta BCG da ake yi wa jarirai da zarar an haife su tana iya bazuwa a jikinsa, wurin allurar ya zama gyambo. Mai cutar Bruton kuwa, wato rashin antibodi irin na yaron da Bruton ya bayyana, yakan yi lafiya lau har kusan wata shida, sai kariyar da ya samo daga mahaifiyarsa ta ƙare. Cibiya takan faɗi a mako na farko ko na biyu, sau da yawa kafin suna. Idan ta kai wata guda tana nan, gefenta ya yi ja, likita yakan yi zargin wani nau'i da ke hana fararen ƙwayoyin jini isa inda cuta take. Wanda sanƙarau ya kama fiye da sau ɗaya shi ma ya cancanci bincike, abin lura ne sosai a yankin da annobar ke zuwa da zafin bazara.

Tarihin dangi ya fi komai sauƙin tambaya, kuma shi aka fi mantawa. Wasu nau'o'in maza kaɗai suke kamawa ta wajen uwa, shi ya sa ake tambaya ko kawunnan yaro sun rasu suna jarirai. Gidan da aka yi ta binne yara har aka kira matar mai wabi, dalilai da dama na iya jawo hakan, wannan cuta tana cikinsu.

Magani

Ana ƙara wa mai ƙarancin antibodi sinadarin duk bayan mako uku ko huɗu. Babban maganin SCID shi ne dashen ɓargo, wanda ya fi yin nasara idan an yi shi kafin wata uku da rabi. A Zariya, asibitin koyarwa da ke Shika shi ne babbar cibiyar da ake tura yara masu doguwar jinya.