Garejin gida na masu son motoci

Garejin gida na masu son motoci ɗaki ne da ake ginawa a jikin gida ko a cikin harabarsa dan ajiye mota da kuma yi mata aiki, wato ba wajen fakin kawai bane, waje ne da mai motar yake wanke ta, ya canza mata baƙin mai, ya duba birki, wani ma ya sauke inji gaba ɗaya ya zauna yana haɗa shi da hannunsa. Bambancinsa da rumfar mota da aka fi sani a gidajenmu shine shi a rufe yake ta ko'ina, yana da wutarsa da ruwansa da teburin aiki, kuma tun daga fandesho ake tsara shi saboda aikin da za'a yi a ciki. Al'adar ta fi ƙarfi a Amurka da Turai inda mutane da yawa suke gyara motarsu da kansu saboda tsadar kuɗin aikin makaniki, kuma yawancin awon da ake amfani dashi daga can ya fito.

Asali

Lokacin da motoci suka fara yawa a Amurka, musamman bayan kamfanin Ford ya fito da motar Model T a 1908, mutane basu da wajen ajiye su sai ɗakunan da ake ajiye keken doki, can bayan gida nesa da wajen kwana saboda tsoron gobarar fetur. Daga baya aka fara manna garejin da jikin gida, kuma gidan Robie da mai zanen gine-gine Frank Lloyd Wright ya zana a Shikago wajen 1909 yana cikin na farko farko da suka yi haka. Ƙofar da take naɗewa sama wani mutum ne C. G. Johnson ya ƙirƙiro ta a 1921, a 1926 kuma ya fito da injin lantarki mai buɗe ta, kafin nan ƙofofi ne masu fiffike biyu irin na get, waɗanda sai ka fita ka ja su, in ƙanƙara ta zuba kuma sai ka share gabansu tukunna. Bayan yaƙin duniya na biyu da unguwannin bayan gari suka bunƙasa sai garejin ya dawo gaban gida ya zama kusan shine babbar ƙofar shiga.

A Najeriya masu wannan sha'awar da yawa tsofaffin motoci suke bi, irin Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975 da tsofaffin Mercedes, kuma irin waɗannan motocin su ne suka fi buƙatar ɗaki a rufe dan fentinsu da robobinsu basa jure rana.

Girma da awo

Anan ne aka fi yin kuskure, dan mutum sai ya auna motar kawai ya manta cewa zai buɗe ƙofarta ya fito, kuma zai zagaya ta da jak a hannu. Garejin mota ɗaya a awon Amurka ƙafa 12 ne a faɗi, 20 a tsawo, wato wajen mita 3.6 da mita 6, na mota biyu kuma ana iya matse shi a ƙafa 20 da 20 amma wanda zai yi aiki a ciki ƙafa 24 da 24 yake nema ko sama da haka. Ka ɗauki Hilux mai gida biyu, tsawonta ya kai mita 5.3, to in ka saka ta a gareji mai mita 6 abin da ya rage maka gaba da baya duka bai kai mita ɗaya ba, babu wajen teburi, in ka buɗe bonet ma sai ka tsaya a gefe kana leƙe. Land Cruiser kuma faɗinta ya kusa mita biyu. Shi yasa ake so a bar kamar mita ɗaya tsakanin mota da bango, da tsakanin mota da mota, sannan a ƙara wani wajen daban a ƙarshen ɗakin na teburin aiki da kabad.

Wanda fulotinsa hamsin da ɗari ne ya sani cewa gareji mai faɗin ƙafa 24 ya cinye masa kusan rabin faɗin filin kenan, dan haka wasu sukan yi shi siriri mai tsawo, mota ɗaya bayan ɗaya, wanda yana da tasa matsalar tunda sai ka fitar da ta gaba kafin ta baya ta fito, amma in ta bayan motar ajiya ce da ba'a hawa kullum to babu damuwa.

Ƙofar garejin mota ɗaya faɗinta ƙafa 8 zuwa 9 ne, ta mota biyu ƙafa 16, tsayinta kuma ƙafa 7 aka saba, sai dai mai jif da yake da kariyar ɗora kaya a sama gara ya yi ƙafa 8.

Daɓe da injin ɗaga mota

Wannan shine ɓangaren da in an gama an gama, gyaransa sai da fasa kankare, dan haka shi ake fara yanke shawara a kai. Fenti da kabad da fitilu masu kyau duk ana iya ƙarawa shekara biyu bayan an tare, amma kaurin daɓe da tsayin silin a ranar gini ake yinsu.

Injin ɗaga mota na gida iri biyu ne aka fi sakawa. Akwai mai ginshiƙi biyu wanda yake saka hannuwa a ƙarƙashin motar ya ɗaga ta tayoyin suna lilo, shine na aiki, dan zaka cire taya ka taɓa birki da shokozoba da komai na ƙasa. Akwai kuma mai ginshiƙi huɗu wanda ake hawa kansa da motar, wannan ya fi dacewa da ajiya dan zaka ɗaga ɗaya sama ka saka wata a ƙarƙashinta, kaga gareji ɗaya ya ɗauki mota biyu. Mai ginshiƙi biyun gaba ɗaya nauyinsa da na motar yana kan kusoshin da aka kafa a cikin kankare ne, dan haka masu ƙera shi yawanci suna sharaɗin kankare mai kauri aƙalla inci 4, santimita 10 kenan, da yawa kuma suna kai shi inci 6 da rodi a ciki dan hankalinsu ya kwanta, sannan a bar shi kwana 28 ya gama kamawa kafin a huda shi. Intalok baya ɗaukar wannan injin sam, haka daɓen da aka yiwa ƙwauron siminti. Silin kuma yana son wajen ƙafa 12 in ana so mutum ya tsaya a miƙe a ƙarƙashin motar, wanda ya fi tsayin ɗakunan gida nesa ba kusa ba, dan haka sai an gaya wa mai zanen gidan tun farko.

Wanda baya son inji yana iya yin rami irin na makanikai, ya fi arha kuma baya buƙatar wuta, sai dai tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake gangarawa ya taru a cikin ramin, ga ruwan damina da yake tsattsafowa in ba'a yi masa plasta mai kyau ba, ga yara. In za'a yi shi dole a yi masa murfin katako mai kauri ko ƙarfe da matakala ta fita.

Daɓen ana ɗan karkata shi zuwa bakin ƙofa, kamar santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita, dan ruwan wanki ya fita da kansa. A samansa kuma akwai masu shafa fentin efoksi, yana ƙyalli kuma baƙin mai baya shiga cikinsa, goge shi kawai zaka yi da tsumma, amma in ba'a kankare fuskar kankaren an wanke ta da kyau ba kafin a shafa to taya mai zafi tana ɗaye shi, sai kaga tabon taya huɗu daidai inda motar take tsayawa. Tayil na ɗaki kuma gaskiya ba na gareji bane, sifana ɗaya ta faɗo ya tsage, in ya jiƙe da mai kuma santsi.

Iska da gobara

Hayaƙin salansa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid wadda bata da launi bata da wari, kuma a ɗaki rufaffe cikin mintuna kaɗan take kai matakin da zata kashe mutum, buɗe ƙofar garejin kawai ma baya isa in injin zai daɗe yana aiki. Shi yasa garejin da aka tsara da kyau yake da fanka mai zuƙe iska waje da kuma tiyo da ake sakawa a bakin salansa ya fitar da hayaƙin. A nan Najeriya haɗarin ya ninka dan mutane suna ganin gareji a matsayin wajen da ya dace a ajiye janareta saboda ɓarayi da ruwan sama, alhali hayaƙin janareta ya sha kashe iyali guda a cikin barci. Janareta ɗakinsa daban, a waje, nesa da taga.

Dokar ginin gidaje da ake bi a yawancin jihohin Amurka ta hana a buɗe ƙofa daga gareji kai tsaye zuwa ɗakin kwana, kuma ƙofar da take tsakanin gareji da cikin gida sai ta zama mai kauri ko wadda zata iya tare wuta na minti 20, haka duk abin da yake da harshen wuta ana ɗaga shi inci 18 daga ƙasa saboda tururin fetur ɗin nan. Ko ƙwararru abin yana ritsawa dasu. Jay Leno, tsohon mai gabatar da shirin talabijin a Amurka wanda yake da babban gareji a Burbank ta jihar Kalifoniya da motoci sama da ɗari, a watan Nuwamba 2022 yana kwance ƙarƙashin wata mota mai aiki da tururi ƙirar 1907 yana buɗe bututun mai da ya toshe, fetur ya feso masa a fuska wuta ta kama, sai da ya yi kwanaki a asibitin masu ƙuna. Dan haka tukunyar kashe gobara mai hoda ana rataye ta a bakin ƙofa inda hannu zai kai, ba can bayan kabad ba, kuma ba'a watsawa wutar fetur ruwa dan yaɗa ta yake yi. Jarkokin fetur da mutane suke tarawa lokacin tsadar mai suma ba gareji ne wajensu ba.

Wuta da haske

Ƙwan fitila ɗaya a tsakiyar silin bashi da amfani dan motar ce zata tare hasken ka zauna a inuwa. Dogayen fitilun LED masu farin haske ake jerawa a sama ta gefen motar biyu, wasu kuma a jikin bango ƙasa ƙasa, masu goge fenti sun fi kowa son wannan dan ta gefe ne ake ganin zane a jikin mota. Soket a yi su da yawa kuma a ɗaga su daidai tsayin teburi. Kwamfireso da injin walda da injin ɗaga mota kowanne yana son layinsa da birekarsa, kuma wanda yake kan sola ya sani cewa waɗannan injinan suna jan wuta mai yawa lokacin tashi, ƙaramar inbata kashe kanta zata yi. Mai tunanin motar lantarki nan gaba gara ya ja waya mai kauri tun yanzu, caja ta gida mai kilowat 7 tana jan amfiya 32.

Zafi da ƙura

Hotunan garejin da ake gani na Amurka da Turai yawancinsu sanyi suke yaƙa, hita suke sakawa. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri kuwa zafin Maris zuwa Mayu yana wuce digiri 40, gareji mai kwano babu silin a wannan lokacin tanda ne, kuma zafi yana kashe batir da wuri, yana busar da robobi ya tsattsaga dashbod. Silin da abin tare zafi a ƙarƙashin kwano, da tagogi ƙanana can sama kusa da rufi dan iska mai zafi ta fita, sun fi duk wani ado muhimmanci, kuma in da hali kar ƙofar ta kalli yamma. Sai dai tagar da take fitar da zafi ita take shigo da ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, dan haka ana yi musu murfi da raga, a saka roba a ƙasan ƙofa, kayan aiki kuma su zauna a kabad mai rufi maimakon a rataye su a bango a fili kamar yadda ake gani a bidiyo. Wanda ya buɗe inji a lokacin hunturu ya bar shi ya kwana babu rufi zai tarar da ƙura ta kwanta a cikin silinda.

Teburin aiki da ajiya

Teburi mai tsayin wajen santimita 90, na ƙarfe ko katako mai kauri, a kafe shi da bango a ɗaura masa matsi a gefe ɗaya. Mai walda na unguwa zai haɗa shi da kantocin ajiya da arha fiye da na kanti, a Kano ma ƙarfen da kayan ginin duk ana samu a Ƙofar Ruwa. Abu masu nauyi irin su giyabos da batir a ƙasa, marasa nauyi a sama. Jak shi kaɗai ba'a shiga ƙarƙashin mota dashi, sai an tokare ta da ƙafafun ƙarfe, bulo kuma yana farfashewa ba tare da ya bada sanarwa ba.

Motar da za'a daɗe ba'a hau ba tana da nata tsarin: ana haɗa batir ɗinta da ƙaramar caja mai kashe kanta ko a cire kansa, a ƙara wa tayoyi iska ko a ɗaga motar dan kar gefen da yake ƙasa ya baje, fetur kuma in ya yi watanni a tanki yana lalacewa ya toshe kafireto. Ɓeraye suna shiga cikin bonet su ci wayoyi, dan haka buhunan masara da shinkafa da ake yawan jibgewa a gareji sai a nema musu sito daban.